Falo mai tayil da sifikoki shida: inda aka ajiye su da wayar da aka ja musu

Falon da ake magana a kai tsawonsa mita 6 ne, faɗinsa mita 4.5, daga ƙasa zuwa silin kuma mita 3. Ginin bulo ne da filasta, ƙasa tayil, sama POP, tagogi biyu a bangon hagu, ƙofar shigowa a bangon dama. Talabijin mai inci 65 tana maƙale a tsakiyar bangon gaba. Kayan sautin irin wanda ake kira 5.1 ne: amfilifaya ɗaya, sifikoki biyar masu om 6 kowace (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tauye wutar da ke bi ta cikinsa), sai wufa mai nata amfilifaya a ciki, wadda ke fitar da bes.

Koken maigidan ya kasu kashi-kashi. Maganar 'yan wasa ba ta fita sosai, idan an ƙara murya don a ji abin da ake faɗa sai ƙarar harbi ko ta mota ta cika gida. Sifikokin baya kamar ba a haɗa su ba. Bes yana kumbura a kan doguwar kujera har ya dami kai, amma da mutum ya tashi ya tako tsakiyar falo sai ya ɓace. Wufa tana wani ƙugi ko da ba a kunna komai ba. Sannan lokaci-lokaci amfilifaya kan kashe kanta idan sauti ya yi ƙarfi. Shi dai ya riga ya yanke hukunci cewa waya ce, har yana shirin sayo irin mai tsadar nan da ake sayarwa a kwali da bakin ruwan zinare.

Wayar tana da laifi, amma nata ne mafi ƙanƙanta a cikin laifuffukan da aka tarar.

Yadda aka tarar da falon

Sifikokin gaba biyu suna manne da gefen talabijin, tazarar da ke tsakaninsu mita 1.6. Kujerar zaman mutum uku tana jingine da bangon baya, kamar yadda aka saba jera kujeru a falo, ke nan kunnen mai kallo yana wajen mita 5.7 daga bangon gaba. Daga wannan nisa, kowace sifika ba ta kauce wa tsakiya da digiri 9 ba. Kunne ba ya raba hagu da dama sosai a wannan ƙuncin, sai ya ji kamar komai daga wuri guda yake fitowa. Sifikar tsakiya, wadda kusan duk magana ke fitowa daga cikinta, an tura ta can cikin kantar da ke ƙarƙashin talabijin, santimita 30 daga ƙasa, tana kallon gwiwoyin mutane. Sifikokin baya an rataye su a kusurwoyin baya dab da silin, fuskarsu na kallon gaba, sautinsu na wucewa ta saman kawunan masu zama. Wufa kuma an cusa ta a kusurwar gaba.

Masu haɗa sautin fim ba da ka suke aiki ba. Akwai ma'aunin ITU-R BS.775, wanda ya fito tun farkon shekarun 1990, da ya tsara wurin kowace sifika idan aka ɗauki mai sauraro a matsayin tsakiyar da'ira: ta tsakiya a gabansa sak, ta hagu da ta dama digiri 30 kowane gefe, na baya tsakanin digiri 100 zuwa 120. Kamfanin Dolby a shawararsa ga masu gida ya sassauta na gaba zuwa tsakanin digiri 22 da 30. Abin lura a nan shi ne, a tsarin 5.1 sifikokin da muke kira "na baya" ba a bayan ƙeya suke ba, a gefe suke, sun ɗan zarce kafaɗa. Sai a tsarin 7.1 ne ake ƙara wasu biyu a baya sosai, tsakanin digiri 135 da 150.

Kujera ce aka fara taɓawa

Duk waɗannan kusurwoyi daga kujera ake auna su, don haka ita aka fara nema wa wuri. Kuma a nan matsalar bes take.

Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Tsakanin bango biyu da ke kallon juna, akwai amon da ke kaiwa da komowa yana taruwa a kan kansa, kuma ana samun na farkonsa idan aka raba 343 da ninki biyu na tazarar. A tsawon mita 6 hakan ya ba da kusan 29 Hz (Hz shi ne adadin kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya, ƙaramar lamba ita ce bes mai zurfi), na biyunsa 57 Hz. A faɗin mita 4.5 ya ba da 38 Hz da 76 Hz. A tsayin mita 3 ya sake ba da 57 Hz. Wato wannan falo, saboda tsawonsa ninki biyu ne na tsayinsa, yana tara amon 57 Hz ta hanya biyu. Irin wannan amo ya fi ƙarfi a jikin bango da kusurwa, ya fi rauni a wasu wurare na tsakiya: na 29 Hz yana mutuwa a mita 3 daidai, na 57 Hz na tsawon ɗakin yana mutuwa a mita 1.5 da mita 4.5. Kujera a jikin bango, wufa a kusurwa: an haɗa wuraren biyu da suka fi kumbura bes. Babu wayar da za ta gyara wannan, komai tsadarta.

An jawo kujerar har kunnen mai zama ya dawo mita 3.8 daga bangon gaba, aka bar mita 2.2 a baya. Wurin bai faɗa tsakiyar ɗaki ba, bai kuma faɗa kan mita 4.5 ba. Ba kowane gida ne zai yarda da kujera a tsaye a fili ba, musamman falon da ake karɓar baƙi. A nan an ci sa'a, filin bayan ya zama hanyar wucewa zuwa wurin cin abinci. Inda hakan ba zai yiwu ba, ko rabin mita aka janye kujera daga bango za a ji bambanci.

Daga nan sauran lissafi ne da tef. Sifikokin gaba an ɗora su a kan ƙafafunsu, fuskarsu santimita 60 daga bangon gaba, wato mita 3.2 a gaban layin kujera. Da an nemi digiri 30 cif, kowace za ta kauce mita 1.85 daga tsakiya, ta rage santimita 40 kacal ta taɓa bangon gefe, bangon filasta kuma yana mayar da sauti da ƙarfi. Sai aka tsaya a digiri 25: mita 1.5 kowane gefe, tazarar mita 3 a tsakaninsu, santimita 75 daga bango. An daidaita ƙaramar sifikar sama mai fitar da siririn sauti da tsayin kunnen mai zama, wajen mita 1 da ɗan ɗoriya, aka ɗan karkato su suna kallon kujera.

Sifikar tsakiya an fito da ita daga cikin kanta, aka ɗora ta a sama, bakinta daidai da bakin katakon. Idan ta koma ciki ko da santimita 10 ne, sautin zai bugi katakon da ke gabanta ya iso kunne a makare, ya haɗu da na asali ya dagula shi. Abin da ke sa magana ta fito kamar daga cikin akwati ke nan. Tunda tana ƙasa da kunne, an sa ɗan roba a ƙarƙashin gabanta don ta ɗago ta kalli fuskar mai zama. Wannan gyaran bai ci ko sisi ba, kuma shi ya fi komai dawo da magana.

Na baya an sauko da su zuwa bangon gefe. Daga tsakiyar kujera zuwa fuskar kowace mita 2.1 ne, don a samu digiri 110 sai ta zarce layin kunne da kusan santimita 76, ke nan wajen mita 4.6 daga bangon gaba. Tsayinsu mita 1.6 daga ƙasa, rabin mita da ɗan wani abu sama da kunne, don kada kan wanda ke gefen kujera ya tare wa na tsakiya sauti, kada kuma sifikar ta riƙa huda kunnen na kusa da ita. Suna kallon juna ta ƙetaren ɗakin, an ɗan sunkuyar da su.

Wufa an nema mata wuri ta hanyar da aka daɗe ana bi. Ana ɗora ta a kan kujerar da za a zauna, a kunna kiɗa mai bes da ke hawa da sauka, mutum ya durƙusa ya bi gindin bango da kunnensa kusa da ƙasa. Inda kowane amo ya fito daidai da ɗan'uwansa, ba wanda ya fi ƙara ba, nan ne wurinta. A wannan falo ya faɗo a bangon gaba, wajen mita 1.2 daga bangon hagu, tsakanin sifikar hagu da kanta.

Sai aka zo kan waya

Yanzu ne ake iya auna waya, don sai an san inda sifika za ta zauna ake sanin tsawon da ake bukata.

Abu ɗaya ne yake da muhimmanci a wayar sifika a irin wannan tsawo: turjiyarta, wato yadda take tauye wutar da ke bi ta cikinta. Turjiya tana ƙaruwa da tsawo, tana raguwa da kauri, tana kuma bin irin ƙarfen. Ƙa'idar da masu aikin suka saba bi ita ce kada turjiyar waya ta wuce kashi 5 cikin 100 na om ɗin sifika. Ga sifika mai om 8, iyakar ita ce om 0.4, mai om 6, om 0.3, mai om 4, om 0.2. Kuma tsawon ninkawa ake yi sau biyu, don wuta tana zuwa ta sili ɗaya ta dawo ta ɗayan. Nan mutane da yawa ke yin kuskuren lissafi.

Jan ƙarfe zalla mai kaurin 0.75 mm² yana da turjiyar kusan om 0.023 a kowace mita. Mai 1.5 mm² kusan om 0.012, mai 2.5 mm² kusan om 0.007. Idan lambar Amurka ce a jikin wayar, AWG, to a juye take: ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri. AWG 18 kusan 0.8 mm² ce, AWG 16 kusan 1.3, AWG 14 kusan 2.1, AWG 12 kusan 3.3.

Wayar da aka tarar a falon an sayar da ita a matsayin 0.75 mm², robarta mai kauri, ana hango ja a ciki. Da aka kankare sili ɗaya da reza sai fari ya bayyana. Alminiyam ce aka yi wa rufin jan ƙarfe, abin da ake rubutawa CCA. Ana kuma gane ta da ashana: silin jan ƙarfe yana yin ja ya tsaya, na CCA yana lanƙwashewa ya narke nan take. Naɗinta ma ba shi da nauyi a hannu, don alminiyam bai kai kashi ɗaya cikin uku na nauyin jan ƙarfe ba. Turjiyarta ta fi ta jan ƙarfe mai kauri ɗaya da ita da fiye da rabi, wato kusan om 0.036 a mita. Kaurin roba kuwa ba ya nuna komai. A duba yankakken bakin waya, ba jikinta ba.

Zuwa kusurwar hagu an ja mita 12. Zuwa ta dama mita 16, saboda sai da ta haye ƙofa. Mita 16 sau biyu 32, sau 0.036, ya ba da kusan om 1.15: kashi 19 cikin 100 na om 6, kusan ninki huɗu na iyaka. Asarar ƙarfin sauti kuwa, a ma'auninsa da ake kira dB, wajen dB 1.5 ce. Ana iya jin wannan, amma bai isa ya sa sifika ta zama kamar babu ita ba. Wurin da aka rataye su ne ya yi wannan. Illar da ta fi ɓoyuwa ita ce, om ɗin da aka rubuta a bayan sifika ba tsayayye ba ne, yana hawa yana sauka gwargwadon amon da ake bugawa. Idan waya na da turjiya mai yawa, asarar ba ta zama ɗaya a kowane amo, sai launin sautin ya canja, na baya su daina kama da na gaba. Ga kuma halin CCA na karyewa a bakin maɗauri da yin tsatsar da ke hana wuta wucewa.

An bi da sabuwar wayar ta cikin silin: mita 2.5 hawa, kusan mita 7 a sama, mita 1.4 sauka, mita 1 rara, wato mita 12 kowane gefe. Da jan ƙarfe 1.5 mm², mita 24 na zuwa da dawowa sun ba da om 0.29, a bakin iyaka ƙiris. Da 2.5 mm² sun ba da om 0.17. Tunda waya ce da za a binne, kuma fasa bango sau biyu ya fi bambancin kuɗin tsada, an ɗauki 2.5. Na gaba mita 3 kowace, ta tsakiya mita 1.5, duk 1.5 mm² ta wadatar har da ragi: om 0.07 ne a mita 3. Abin da aka saya ke nan, mita 26 na mai kauri da mita 10 na matsakaiciya.

Ba sai an rubuta mata "ta sifika" ba. Wayar lantarki mai laushi, mai sili biyu, ta jan ƙarfe zalla, irin ta masu wayarin, tana yin aikin daidai, kuma launinta biyu yana sauƙaƙa gane wanne ne wanne. Sharaɗi ɗaya: a rubuta a bakinta ta sifika ce, kada wata rana mai gyara ya haɗa ta da wutar gida. Haka nan ba dole ba ne tsawon hagu da dama ya zama ɗaya. Saƙon lantarki yana gudu a waya da sauri kusa da na haske, bambancin 'yan mitoci ba abin da kunne zai kama ba ne. Idan rara ta yi yawa, a yanke.

An sa wayar a fayif ɗin roba na milimita 20, nata daban, ba tare da wayar wutar gida ba, saboda ɓeraye a silin da kuma sauƙin sauyawa nan gaba. Inda suke tafiya a jere an bar kusan santimita 30 a tsakani, inda dole su haɗu an gitta su a miƙe. Babu haɗi ko ɗaya a cikin bango. Murɗa waya biyu a naɗe da salatif yana aiki yau, bayan damina biyu sai sifika ta fara ɗaukewa, kuma ba wanda zai tuna inda haɗin yake.

Kashewar amfilifaya da ƙugin wufa

Dalilin kashewar yana bayan amfilifaya. An fere wayar sifikar dama da tsayi, siririn sili ɗaya ya zame daga jan maɗauri yana gab da taɓa baƙin. Idan bes ya girgiza kanta sai su haɗu, na'urar kariya ta yanke wuta. Ferewar santimita 1 ta isa. A murɗe silin su haɗe, a tura har roba ta taɓa maɗauri, a ɗaure, a ɗan ja a gani. Masu bakin soke-da-cirewa ba sa ƙara wa sauti komai, amfaninsu hana irin wannan ne a wurin da maɗaurai goma suke a cunkushe. An kuma ɗauke dikodar da aka ɗora a kan ramukan iskar amfilifayar, don zafi ma yana sa ta kashe kanta.

A wannan sifikar ta dama an kuma tarar an juya waya, ja a baƙi, baƙi a ja. Ba ya ƙona komai, amma yayin da ta hagu ke tura iska gaba, ta dama na ja baya, sai bes ɗinsu ya cinye juna, sautin tsakiya ya watse. Idan waya ta riga ta shige bango an rasa gane silin, a cire ta daga amfilifaya, a taɓa bakinta da ƙaramin batir na bolt 1.5 na ɗan lokaci: idan faifan sifikar ya turo waje, silin da ke kan tudun batir shi ne na ja.

Wufa ba wayar sifika take amfani da ita ba, wayar RCA ce mai ɗauke da raunannen saƙo, ita ce kuma mai saurin kwasar ƙugin wutar gida na 50 Hz. An tarar an ɗaure ta tare da wayar soket. Raba su ya rage ƙugin, bai kashe shi ba. Da aka zare wayar dish daga dikoda sai ya ɗauke ɗif, alamar kayan suna samun hanyar ƙasa, wato layin da ke sauke wutar da ta zille zuwa cikin ƙasa, ta wuri biyu mabambanta. An mayar da talabijin, dikoda, amfilifaya da wufa kan soket guda, aka sa ɗan abin da ke raba hanyar ƙasa a kan wayar dish. Karya ƙafa ta uku ta fulogi don a kashe ƙugi, yadda wasu ke yi, cire kariyar da ke hana kaya kama mutum ne.

Saiti

Tafi ɗaya a tsakiyar falon ya nuna amsa-kuwwar tayil da filasta. An shimfiɗa kafet mai kauri tsakanin kujera da talabijin, aka sa labule mai nauyi a tagogi, aka matsar da teburin gilashi daga gaban sifikar tsakiya.

Nisan da aka shigar a amfilifaya: na gaba mita 3.5, ta tsakiya mita 3.35, na baya mita 2.3. Sauti yana cin kusan kashi 3 cikin 1000 na daƙiƙa a kowace mita, don haka na baya za su riga na gaba isowa idan ba a jinkirta su ba, kunne kuma yana bin sautin da ya fara zuwa. Yawancin amfilifayoyi suna da makirfo da ke yin wannan awo da kansa, sunan tsarin Audyssey a kayan kamfanonin Denon da Marantz, YPAO a na Yamaha, MCACC a na Pioneer. A tsayar da makirfon a tsayin kunne, ba a hannu ba, ba a jingine da kujera ba, a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, kuma kada a yi awon janareta na ruri a bayan taga.

Bayan amfilifaya ta gama awon sai an duba abin da ta zaɓa. A nan ta sa sifikokin gaba a Large, wato su ɗauki har da bes mai zurfi, aka mayar da su Small, wato su bar wa wufa shi, aka tsayar da mararrabar bes a 80 Hz, lambar da kamfanin THX mai tantance kayan sautin fim ya yaɗa, don duk amon da ke ƙasa da haka ya tafi wufa. Na baya ƙanana ne, an ba su 100 Hz. Maɓallin mararraba da ke bayan wufar an murɗe shi har ƙarshe don kada a tace bes sau biyu. Nisan da na'urar ta ba wufa ya fi na tef, an bar shi haka, don ta lissafa da jinkirin da ke cikin wufar kanta. Sifikar tsakiya an ƙara mata dB 1.

Abin da bai gyaru ba shi ne kujerun gefe. Wanda ya zauna a ƙarƙashin sifikar baya ta hagu ita zai fi ji, kuma tsarin 5.1 ba shi da maganin wannan. Ragowar kumburin 57 Hz ma bai tafi duka ba, wufa ta biyu a wani ɓangaren ɗakin ce za ta daidaita shi. Saboda haka kafin a rufe silin an bar fayif guda babu komai a ciki sai igiyar ja, daga bayan kanta zuwa bangon baya.